Shekarar da Na Binne Irin Gero

Bana ruwa ya makara. Kwana goma sha ɗaya ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ruri, sai iska ta zo ta watsa shi, a wayi gari rana kamar an buɗe bakin murhu. Jiya da hantsi rediyo ta ce gwamnati za ta raba wa manoma iri, kowa ya kwantar da hankalinsa. Da yamma kuma Rahila, 'yata ta fari, ta dawo daga taron mata da wata takarda a hannu, wai wani mai wa'azi ya yi lissafi ya gano ƙarshen duniya ya zo, wannan zafin ma alama ce. Ta karanta mini a tsorace, ita da take da jikoki. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ta ce, "Mama, abin dariya ne?"

Na ce ba ita nake wa ba. Waɗannan maganganu biyu na taɓa jin su a bazara guda, tana goye a bayana, kuma dukansu abu ɗaya suke nema a wurina. Na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga farko. Karatuna bai yi nisa ba, ajin Lahadi ne kawai a ƙauyenmu ta wajen Zuru, inda aka koya mana baƙi da wasali, amma yau na ce bari in rubuta shi yadda na iya.

Shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba. Maigidana Bulus leburan hanya ne, aiki ya kawo mu Kalgo. A bayan gari muke, gida bakwai na masu bin Almasihu, kusan duk leburori, ran Lahadi mu taru a gindin wata tsamiya tunda ba mu da ɗakin sujada. Maƙwabciyata ta kusa Inna Kulu ce, tsohuwa Musulma, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi cin rani ba su dawo ba. Ita ta ba mu aron gefen gonarta a kan tudu. Sunana Saratu, amma ba ta taɓa kirana da shi ba, kullum 'yar Zuru.

Daminar da ta gabata ba fari ne ya ci mu ba, ruwa ne ya yi yawa. Gulbi ya cika ya haɗiye shinkafar fadama, gero ya yi baƙi ya ruɓe a kan karansa. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Sai 'yan zangarniyu masu kyau da na tsince ɗaya-ɗaya, na sussuke, na gauraya da toka, na ɗura a gora, na liƙe bakin da laka, na rataye a rufin ɗaki daidai inda hayaƙi ke bugawa. Irin shuka ke nan. Bai fi mudu biyu ba.

Da bazara ta kama, kowace rana iri ɗaya ce. Da sassafe mu shiga daji tsinkar anza, 'ya'yan wani icce ne masu ɗacin tsiya. A jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa, a dafa, ɗacin bai gama fita ba, a runtse ido a haɗiye. In rana ta ɗaga mu gangara tafkin da ya rage mu tono bado cikin laka, matsattsaku na maƙale mana a ƙauri. Da azahar in yi wa matan rugar bayan tudu ɗiban ruwa, su zuba mini tsala a ƙoƙo, ruwa ya fi nonon yawa. Wannan na Rahila ne, don nawa nonon ya ƙafe. Abin da Bulus ke samowa dusa yake iya saye, ita ma ba kullum ba, hatsi ya ɓace a kasuwa.

Akwai wani ɗan warwaro na tagulla da kakarta ta sa mata a hannu. Da muka zo Kalgo a matse yake, nama ya taso masa gefe biyu. Kowace safiya shi nake fara dubawa. Ya fara juyawa. Daga baya ya haura har gwiwar hannu. Ban gaya wa kowa ba, sai in maido shi ƙasa in ja zane in rufe.

Ana haka wani mutum ya sauka ranar kasuwa. Dogo ne, da farar riga har ƙasa da ƙahon sa rataye a wuya, Hausarsa ta nesa ce. Ba mu san sunansa ba, Mai Ƙaho muke ce masa. Ran Lahadi ya zo gindin tsamiyarmu ya ce shi aka aiko gaba ya tattara mutanen Ubangiji. Ya iya magana, in yana yi har tsigar jiki tashi take. Ya nuna mana ranar da ta yi ja, ya tuna mana ambaliya, ya nuna haƙarƙarin yaranmu, ya ce duk an faɗa tun da. Saura Lahadi huɗu a busa ƙaho daga sama. Babu wata damina. Wanda ya ɓoye iri ya nuna bai ba da gaskiya ba, kuma irin nan zai tashi ya ba da shaida a kansa. A kawo duka a dafa, a ci tare, a jira.

Ba bakinsa ne ya ja mutane ba, tukunyarsa ce. Makon farko gida biyu suka fasa gorunansu. Aka tuƙa tuwon gero na gaske a gindin tsamiya, ƙamshin ya iso har ɗakina, Rahila ta ɗaga kai tana shinshina kamar ɗan akuya. Mako na biyu gida huɗu suka bi. Yaransu suka fara wasa a tsakar gida. Wanda bai kawo ba ba ya ci, haka ya kafa doka.

Ni na gaskata Ubangiji zai dawo, har yau na gaskata. Amma malaminmu na ajin Lahadi ya sha gaya mana ba wanda aka ba sanin ranar, kuma da yawa za su zo su ce su ne, kada mu bi su. Sannan na lura da wani abu. Mutumin da ya ce saura mako huɗu duniya ta tashi, na gan shi a kasuwa ya ba baduku takalminsa, yana cewa a ɗinke da kyau yadda zai daɗe.

Bulus bai yarda da shi ba tun farko. A lokacin an kai su gyaran hanya wajen Gwandu, sai ran Asabar yake dawowa. Asabar ta biyu ya shigo da fara'a, rabon da in ga haƙoransa an daɗe.

"Saratu, sauko da gorar nan."

"Kai ma ka bi Mai Ƙaho?"

"Wane Mai Ƙaho? Wannan mayunwaci ne kamar kowa. Maganar hukuma nake miki. Helimanmu, shugaban leburori, ya ce mota na tafe da iri, buhu-buhu, a raba wa talakawa kafin ruwa. An rubuta sunana, da idona na gani."

"Ka ga motar?"

"Na ga takardar."

"Takarda za mu shuka, Baban Rahila?"

Ya ɓata rai. Ya ɗauki yarinyar ya ɗaga hannunta, warwaron ya zame har kusa da hammata. Ashe shi ma yana dubawa.

"Dubi nan. Gwamnati ba ta wasa. Ita ta yi hanyar nan da kike gani, ita ta yi mana lambar rigakafi cutar agana ta ragu. Kin rataye abinci a kan yarinya tana ƙarewa. Gobe in an tashi sujada zan fasa gorar da hannuna. Ba tukunyar wancan za ta ba, ke za ki dama mata kunu."

Mudu biyu, in an lallaɓa, kunun 'yan makonni ne. Bayan nan fa? In mota ta zo, to. In ba ta zo ba, ruwa ya sauka mu tsaya muna kallon gona, ga wata yunwar ta shekara guda a gabanmu, kuma wannan ba warwaro kaɗai za ta zare ba.

Da la'asar na shiga wurin Inna Kulu, na iske ta tana kaɗi. Na zazzage mata duka ina kuka. Ta bar ni na gama.

"To mi kike so in ce miki, 'yar Zuru? Guda ya ce duniya za ta tashi, guda ya ce mota za ta taho. Duka biyun ga gorarki sunka sa ido."

"Inna, in da gaske ne ƙarshen ya zo fa?"

"Shi zo. Shi iske ni duƙe cikin gona. Mi za a ce min, don mi kinka yi noma?" Ta ajiye mazari. "Ku can ƙasarku ba ku san binne ba ko?"

Ban sani ba. Ƙasarmu laka ce da duwatsu, sai ruwa ya jiƙa ta ake shuka. Ta ce nan rairayi ne, ana iya shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, iri ya kwanta ya jira. Ba ta ɓoye mini haɗarin ba. In yayyafi ya taɓa shi ya tsiro, sannan ruwa ya ɗauke, ya mutu ke nan. Ga tururuwa, ga zabin daji.

"Amma in ya shiga ƙasa," in ji ta, "ba mai iya kai shi tukunya. Ko ke."

Da gari ya waye Bulus ya tafi gulbi wanka, na san daga can gindin tsamiya zai wuce. Na goya Rahila, na sauko da gorar. Inna ta ɗauko sungumi, fartanyar nan mai doguwar ƙota da ake sarar rami da ita a tsaye. Ita a gaba tana sara, ni a baya ina zubawa ina rufewa da diddige. Sau biyu take sara a wuri ɗaya don ya yi zurfi, ni kuwa hankalina na kan hanya.

"Inna, ki rage zurfi mu gama."

"Yi min shiru. Binne na sama-sama abincin zabi ne." Ta waiwayo ta ga hannuna. "Ke, tuwo kike zuba ma ramin? Yatsa uku anka ce, ba tafi ba."

Tsoro ne ya sa hannuna nauyi. Gani nake in na sa kaɗan ba za su fito ba. Ta yi faɗa ta gaji ta ƙyale ni. Rairayi ya ɗauki zafi har tafin ƙafata ya yi bororo. Rahila ko kuka ba ta yi, numfashinta kawai nake ji tsakanin kafaɗuna. A rami na ƙarshe na tsaya da ɗan abin da ya rage a tafin hannu, kunun yini ɗaya. Na ƙulle shi a bakin zane. Shi kaɗai Rahila ta sha daga cikin gorar nan.

Ban koma gida ba. Gindin tsamiya na nufa, gora a hannu, toka har gwiwar hannuna. Mai Ƙaho na tsakiyar wa'azi. Da ya hango ni ya buɗe hannuwa.

"Ga 'yar'uwarmu ta ƙarshe, an taɓa zuciyarta."

Na ajiye gorar a gabansa. Ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya girgiza.

"Ina abin ciki?"

"Na shuka."

Ya ajiye gorar ya dube ni.

"A busasshiyar ƙasa? Mace, kin ƙaryata ƙaho, kin binne abincin 'yarki. Ranar nan ƙasa za ta tofo miki shi a fuska."

Na ce, "Malam, in ranar ta zo ba za a rasa ni ba, gonar ba ta da nisa. Kai ma ai ka sa an gyara maka takalmi."

Wata mata ta yi dariya ta toshe baki. Bulus bai yi ba. Ya tashi, ya zo zai wuce ni, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "In yarinyar nan ta mutu, ke kika binne ta."

Maganar Mai Ƙaho a kunne ta tsaya. Ta Bulus ce ta shiga zuciya. Daga ranar ko sannu bai sake ce mini ba.

Kwana huɗu da shukar, abin da Inna ta ji tsoro ya faru. Hadari ya taso ya zubo yayyafi, ƙamshin ƙasa ya tashi, yara na tsalle, ni kuwa hankalina na kan irin da na binne. Kafin a shanye ƙoƙon fura ya ɗauke. Na ruga gona na iske Inna ta riga ni, tana durƙushe, ta cusa yatsa a rairayi. Laimar a gaɓa ta biyu ta tsaya. Ta ƙara tonawa, sai ga ƙwayoyin can ƙasa, busassu, fari fat da toka.

"Da na bi taki na rage zurfi," ta ce, "da yau kin yi makoki."

Asabar Bulus ya dawo, ya koma bai kula ni ba. Ran Litinin na je gona na ga sawu. Takalmin taya ne, na dama ya cinye ta gefe, na san shi kamar fuskar mai shi. Sawun ya zagaye gonar duka, an kakkafa kara an ɗaura tsummoki don korar zabi. Ɗaya daga ciki hannun tsohuwar rigarsa ne. Ban ce masa na gani ba.

Makon nan na ƙarshe shi ne mafi tsawo a rayuwata. Gashin Rahila ya yi ja, ta daina zama da kanta. Inna na da akuya guda da ta rage mata, abin da take tatsowa bai rufe gindin ƙoƙo ba, haka take kawowa in ɗiga wa Rahila da yatsa. A gindin tsamiya kuwa tukunya ta ƙare. Mai Ƙaho ya ce daidai ne, azumi ne na shiri.

Lahadin da aka sa, mabiyan Mai Ƙaho suka wanke tufafinsu suka zauna tun hantsi suna waƙa. Mutanen gari na leƙe daga nesa, wasu na dariya, wasu na neman tsari. Ni ina bakin ƙofa da Rahila a cinya. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma sama nake duba, ina roƙon gafara ko da ni ce na ɓata. Bulus na zaune a kan turmi ya ba ni baya. Bayan azahar iska ta tsaya cik. Gabas ta yi baƙi ƙirin, irin wanda ban taɓa gani ba, tsawa ta fashe. Mai Ƙaho ya hau saiwar tsamiya ya busa ƙahonsa, mutane suka zube da fuska a ƙasa. Sai ɗigo ya faɗo a bayan hannuna, mai kauri, mai sanyi. Ruwa ne. Ruwan shuka, kamar da bakin ƙwarya.

Sun daɗe a kwance yana dukansu. Amma dukansu manoma ne kafin su zama leburori, jikinsu ya san wannan ruwan. Na ga Baba Ishaya, dattijonmu, ya ɗaga kai, ya damƙi ƙasa ya murza, ya tashi da gudu ya shiga ɗakinsa. Ya fito da fasasshiyar gora a hannu ya tsaya cikin ruwa yana kallonta. Wannan tsayuwar ban manta da ita ba.

Mai Ƙaho ya ce an ɗaga ranar ne saboda rashin bangaskiyar mace guda. Kowa ya watse ya bar shi. Bayan kwana biyu aka neme shi aka rasa. Takalmin ya yi masa amfani.

Kwana na huɗu gonarmu ta yi kore, layi-layi, tun wasu ba su sami abin shukawa ba. Tafasa da rama suka tsiro a bakin hanya, su suka riƙe mu. Mota kuwa ta zo, ban ce ba ta zo ba. Ruwan nan ya yanke hanya a wani mashigi, su Bulus suka yi mako uku suna cikewa. Da ta iso, garin kwaki ne a cikinta, na rogo, daga kudu. Ya taimaka, mun ci, mun gode, Rahila ma ta sha. Inna Kulu ta ɗebo a tafi ta dube shi ta ce, "Wanga rami nawa za shi yi?"

Saboda nauyin hannuna, kowane rami ya fito cunkus kamar tsintsiya. Da lokacin rage shuka ya yi, Inna ta ce kada a yar da ko ɗaya, gero na karɓar dashe in ƙasa na da laima. Na aika gidajen nan shida. Suka zo da ƙwarya da kwando, ba mai iya duban idona, har da matar da ta ce mini marar imani a bakin rijiya. Muka cire, aka datse kan ganyen, suka kai gonakinsu suka dasa da yamma cikin yayyafi. Bai yi kamar shuka ba, amma ya yi. Inna na zaune a bakin gona tana cewa, "Ku gode ma tsoron 'yar Zuru. Da ta ji maganata da ba ku samu ba."

Ranar da gero ya yi ido, Bulus da kansa ya karyo zangarniya ya gasa tumu, ya murje a tafinsa, ya hure, ya tauna ya sa wa Rahila a baki. Sannan ya miƙo mini sauran yana kallon wani wuri.

"Ci, Saratu."

Ba mu sake ta da maganar ba har ya rasu. Warwaron sai bayan kaka ya koma wuyan hannu ya tsaya. Rahila ba ta yi tafiya ba sai da ta kusa shekara uku, kuma har yau ita ce gajera cikin 'ya'yana. Na san dalili, ba sai an gaya mini ba.

Jiya da na kai nan, Rahila ta juya takardar mai wa'azin a hannu.

"Mama, da na mutu fa?"

"Da ubanki ya yi gaskiya, kuma da na ɗauki maganarsa har kabarina. Ban san za ki rayu ba. Abin da na sani, duk masu cewa in ci irin nan, ba wanda zai goya ki a shekara ta gaba sai ni."

"To yanzu mu jira na gwamnati?"

"In ya zo mu karɓa mu gode. Ubangiji kuma in ya zo, ya san hanyar gona."

Na sa ta sauko mini da gora daga rufin madafa. Su yanzu a leda suke sayen iri, ja da magani, ni har yau da toka nake ajiye nawa. Gobe da sassafe za mu fita. Ba na iya sara yanzu, ita za ta riƙe sungumi. Na gaya mata sau biyu a wuri ɗaya, da zurfi, kuma kada ta ce mini komai a kan nauyin hannuna.